Kunnen Tanki

Babur ɗin babana ya shekara goma sha tara a ɗakin dankali,
a Tišnov, ƙarƙashin tsohon bargo.
Ran da na yaye bargon, inji na nan da ransa,
tayoyi sun sace, wannan mai sauƙi ne,
amma da na ƙwanƙwasa da ɗan yatsa
sai tsatsa ta zubo kamar garin barkono daga tanki.

Takarda ta ce ƙirar hamsin da takwas ne.
Na riƙe lambar nan kamar sunan yanka.
Asabar bakwai ina sammako,
in bi jirgin ƙasa zuwa kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Brno,
inda dattawa ke baza kaya a kan buhu,
hannu a aljihu, tururi na fita daga baki.

Wata mata, Květa, ta miƙo mini wani ja,
ba lotsawa, murfinsa na ɗaukar ido.
Na sittin da ɗaya ne, in ji ta, kawo abin da ya sawwaƙa.
Wani mai gemu a gefe ya kece da dariya:
'Yata, 'yan uwa ne, amma ba tagwaye ba.
A tsakanin shekarun nan an ja kunnen baya,
faɗin yatsa biyu.
Ko kin saya, sai dai adon ɗaki.

Na mayar mata, ban ko gwada ba.
Mai gemu ai ya san aiki.

Na hamsin da takwas sai a Ostrava na same shi,
ya lashe albashin wata guda.
Na rungumo shi a jirgi kamar jinjiri,
warin tsohon fetur ya kori na kusa da ni,
ni ko a jikina,
ina ta murmushi kamar mai dawowa daga biki.

Tsoho Kvido ya ɗora shi a gadon bayan babur.
Gaba ya zauna daram.
Baya kuwa, ƙusa na kallon huda, huda na kallon ƙusa,
kamar maƙwabtan da suka daina gaisuwa,
tsakaninsu faɗin yatsa biyu.
Ya juya, ya danna, ya sa roba, ya cire,
ya ja dogon tsaki.

Sai ya ɗauko wuƙa ya kankare baƙin fenti.
Ga walda nan, gudaji-gudaji,
ba ta masana'anta ba ce,
ta mutumin da ya yi aikin dare ne hannu na rawa.
Bohumil, Bohumil, in ji Kvido,
ashe a nan ka ɓoye miki.

Ya ce: sittin da uku ne, lokacin zubar ganye,
kwanar gada, kwalta jiƙe,
babanki ya makara wajen taka birki.

Tanki ya fashe, gwiwa ta tsage.
Ya sayo wanda ya samu, ya matsar da maƙali,
ya shafe da fenti kafin gari ya waye,
don mamarki ta rantse ran da ya faɗi, ranar za a sayar da babur.
Mu kuwa muka tashi muna jin
wai ɗingishinsa zamewa ce a matakalar wurin aiki.

Na koma Brno.
Květa ta gane ni tun daga nesa,
ta gane abin da ya dawo da ni,
kuɗi ya ninka, ban ce uffan ba.
Jan ya hau, ƙusa ta shige huda
kamar ƙafa cikin tsohon takalmi.
Kvido ya zuba mai, ya buga sau huɗu,
babur ya yi tari, ya yi haki.

Mama na da tamanin da ɗaya.
Ta leƙo ta taga, ta daɗe tana kallo,
ta ce: wancan ma da ya fasa a gada ja ne.
Ta ja labule ta koma ciki.

Na hamsin da takwas yana kan kabad yanzu,
cikakke, na asali, daidai da takarda.
Mai gemu bai yi ƙarya ba,
akwai wanda ya zama adon ɗaki.